Tafiyata New York Duba Ƙanena da Aka Ce Ruwa Ya Kira Shi

Yelwa zuwa Kano

Ranar Talata da ƙarfe biyar saura kwata na asuba muka taru a zauren gidanmu da ke Yelwa ta ƙasar Yawuri. Akwai Baba, akwai ni, akwai direban da zai kai ni Kano, Inna kuma tana tsaye daga bayan ƙofa. A shekarar da aka sauya hannun tuƙin mota ne, saura 'yan makonni a kama azumi.

Dalilin tafiyar shi ne ƙanena Sale, wanda aka tura New York koyon aikin injiniyan ruwa. Wani ɗan garinmu da ya je can ya dawo ya ce ya gani da idonsa, kullum da asuba Sale yana fita shi kaɗai ya tafi bakin wani kogi, ya tsaya ya ƙura wa ruwa ido. Ba ya kamun kifi, ba ya wanka, in an yi masa magana ba ya amsawa. Mu mutanen bakin Kwara mun san sunan wannan. In mutum ya fara haka, ruwa ne ya kira shi, in kuwa ba a yi hanzari ba wata rana sai a tarar da takalmansa a gaɓa. Baba ya tsufa yana fiton mutane da jirginsa, ya ga irinsu.

Ni sana'ata sayar da shadda da yadi, dama kuma ina da tafiya Ingila wurin masu masaƙa. Saboda haka Baba ya ce in zarce.

Ya ce, "Kada ka zo min da labari, labari na ji shi. Ko ka zo min da yaron ga a yi mai magani, karatun ya tsaya nan, ko ka zo min da shaidar da zan gani da idona."

Inna ta miƙo kwalbar rubutu a naɗe cikin tsumma, aka yi addu'a, muka tashi.

Direban bai gama sabawa da sabon hannu ba. Duk kwanar da muka sha sai motar ta nemi komawa hagu kamar jakin da ya tuna gidan tsohon ubangijinsa, ni kuma in ce masa, "Dama, malam." Haka muka yi har Kontagora, inda muka karya da koko da ƙosai. A Tegina soja suka tsayar da mu, suka duba takardu suka sallame mu. Muka yi la'asar a Kaduna, muka shiga Kano bayan isha'i, na sauka a Fagge gidan mai masaukina na kullum.

Kano zuwa New York

Harkar Ingila ba ita ce labarin ba, na gama ta cikin mako guda na hau jirgin New York. Abin da zan faɗa kan wannan jirgi shi ne rana ta ƙi faɗuwa. Agogona ya ce magariba ta yi, taga ta ce azahar ce. Na bi taga, amma ban ji daɗin abin ba.

A filin jirgi ma'aikacin kwastan ya zaro kwalbar Inna ya ɗaga ta wajen fitila, ya tambaye ni ko mene ne. Turancina na elementare ne, amma yana isata a kasuwa. Na ce magani ne, kuma ba nawa ba ne. Ya buɗe ya shinshina, ya dube ni, ya rufe ya mayar.

Parkchester

Sale ya zo tarbata tare da mai gidan da yake zaune a wurinsa, Malam Isuhu, mutumin Gaya ta ƙasar Nijar, direba a wani ofishin jakadanci. Unguwarsu ta yi mini daidai. Gidaje ne na jan bulo a jere, tsawonsu kusan ɗaya, kowanne da lambarsa. Maiɗakin Malam Isuhu ta yi mana tuwo da wani gari da ba na masara ba ba kuma na shinkafa ba, da miyar busasshiyar kuɓewa. 'Ya'yansu suka gaishe ni da Hausa, na tambaye su karatu suka amsa da Turanci.

Bayan cin abinci na zaunar da Sale na duba shi bi da bi. Idonsa lafiya. Maganarsa a kan hanya take. Bai rame ba. Takardun makarantarsa ba abin kushewa. Sai dai ƙarƙashin faratansa akwai shuɗi da kore, abin da ban taɓa gani a jikin mai lafiya ba in ba marini ba. Na ba shi rubutun, ya yi bisimilla ya sha ba gardama. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni sai ya kama dariya, har ya lura ni ba dariyar nake yi ba.

Ya ce zanen fenti yake koyo a wurin wata tsohuwar malama, da safe kuma yakan fita ya gwada kafin lokacin makaranta. Na ce zan gani.

Bakin kogi

Da muka yi sallar asuba muka fita. Muka hau jirgin ƙasa mai lamba shida, wanda a unguwarsu yake bi ta saman kawunan mutane, in ya matso gari kuma ya nutse ƙarƙashin ƙasa. Daga nan muka hau bas har bakin kogin da ake kira Hudson, kusa da wata babbar gadar ƙarfe. Kogi ne mai faɗi, da dogayen duwatsu a tsallakensa. Akwai sanyi.

Sale ya kafa wani katako mai ƙafa uku, ya ɗora masa yadi mai kauri irin na tamfol da aka ɗame a jikin firam. Ya matso fenti daga 'yan bututu a kan wani faifan katako. Rana na taɓa duwatsun tsallake sai ya fara.

Duk abin da ɗan garinmu ya faɗa na gan shi. Ya ƙanƙance ido ya ƙura wa ruwa, ya dangwala buroshi, ya sake ƙura ido, leɓensa yana motsi. Na kira shi sau biyu bai amsa ba. Sai na matsa na kama bayan rigarsa na riƙe, ban kuma saki ba har muka tashi.

Kogin ma bai kwantar mini da hankali ba. Wani guntun katako ya wuce mu ya yi kudu, can an jima sai ga shi ya dawo ya yi arewa. Daga baya Sale ya ce teku ce take turo ruwan, kullum haka yake yi, ya je ya dawo. Na ce kogin da bai tsayar da hanya ɗaya ba, duk mai kallonsa kullum dole kansa ya juya.

Ana cikin haka sai ya ajiye buroshi ya ce, "Hasken ya wuce, Yaya. Sai gobe."

Na ɗaga kai, ga rana nan inda take, ba inda ta je. Na leƙa aikin da ya yi. Ɗigo-ɗigo ne da shafe-shafe, shuɗi a nan, ruwan ɗorawa a can, har da ja a tsakiyar ruwa, kamar kaji sun taka fenti sun bi ta kan shanya. A cikin bas na ce masa ya fara haɗa kayansa, tare za mu koma. Da muka kusa sauka sai ya roƙe ni in ba shi ranar Lahadi kawai, in bi shi wani wuri. In na gani ban gamsu ba, zai bi ni ba musu.

Gidan zane-zane

Ranar Lahadi muka tafi mu uku, da Malam Isuhu. Wani ƙaton gini ne a tsakiyar gari, da matattakala a gabansa, inda suke ajiye kayan tarihi da zane-zane. Sale ya wuce da mu ɗakuna da yawa har wani ɗaki da kusan duk bangonsa koguna ne.

Ya ce masu wannan aiki yawancinsu Faransawa ne, sun yi zamani wajen shekara ɗari da suka wuce. Ya faɗi sunayensu, ba wanda ya zauna mini. Kafin su, masu zane a ɗaki suke zama su gyara hoto sumul. Su kuwa suka kwashi kayansu suka fita bakin kogin garinsu, suka ce ba ruwan za su zana ba, hasken da ke kansa a wannan sa'a za su kama kafin ya sauya. Ɗayansu har jirgin ruwa ya mayar ɗakin aikinsa. Yakan jera yadi da yawa, wannan na sassafe, wannan na hantsi, wannan na yamma, in haske ya sauya ya ajiye ɗaya ya ɗauki na gaba. Mutanen zamaninsu sun yi ta yi musu dariya suna cewa ba su gama aikin ba, waɗansunsu ma da talauci suka mutu.

Malam Isuhu, wanda Faransa ce ta mulki ƙasarsu, ya gyara hula ya ce, "Bon, Alaji, waɗanga mutanenmu ne. Ku na Ingilishi mi aka koya muku in ba shan shayi ba?"

Na tambaye shi ko da aka zo rabon gadon mutanen nasa an kira shi. Ya ce takardar tana hanya.

Na matsa kusa da wani hoto, na ga irin taka-takar kajin nan ce dai ta Sale, har ta fi tasa. Sai Sale ya ce in yi haƙuri in biyo shi baya. Muka ja har tsakiyar ɗakin, ya ce in duba. Sai ga kogi. Ga ruwa yana ƙyalli, ga inuwar itatuwa tana rawa a cikinsa, ga ƙaramin jirgi a ɗaure, har na san iska daga wane gefe take busowa. Na koma gaba, kogin ya ɓace. Na dawo baya, ya dawo. Na yi ta zuwa ina dawowa don in kama daidai inda abin yake juyawa, ban kama ba.

Nan na yarda da abu biyu. Na farko, wannan sana'a ce ta 'yan Adam, tana da magabata. Na biyu, mutanen nan sun san lokaci, wanda kuwa ya san lokaci ba a kiransa mahaukaci. Amma akwai na uku da ya rage. A kasuwa kayan da ba ya son a matso kusa da shi akwai abin da yake ɓoyewa, ni kuma ban taɓa shaidar kaya ban gwada shi da hannuna ba. Na miƙa hannu wajen hoton, kafin in kai sai wani mai gadi ya bayyana a gefena ya ce ba a taɓawa. Na janye, domin gidansu ne.

Parkchester kuma

Da muka koma gida na ce wa Sale hoton nan nasa na kogi shi zan kai wa Baba shaida. Ya yi murna, ya ce saura aikin safiya ɗaya ya gama shi. Sauran da ya yi a baya duk ya kankare su ya sake amfani da yadin, don yadin yana da tsada.

Ya shiga alwala, ni kuma na tsaya gaban hoton. Wannan na ƙanena ne, ba mai gadi. Na yi abin da kowane mai sayen yadi yake yi, na lashi babban yatsana na murza tsakiyar ruwan don in ga ko rinin yana zuba.

Yana zuba. Fentin ya biyo yatsana kamar man shanu, shuɗi da ja da fari suka cakuɗe suka zama wani baƙin kewaye a tsakiyar kogin. Har yau ina kan bakana, gwajin daidai ne. Ba wanda ya gaya mini fentinsu na mai ne, yana yin makonni bai bushe ba, kuma wannan aibi ne a kaya.

Sale ya fito ya gani ya yi salati a hankali, ya zauna a bakin gado. Malam Isuhu ya leƙo, ya ja baya kamar yadda aka koya mana, ya ce abin ya yi kama da ido. Na ja baya ni ma. Gaskiyarsa ne. Wani ido ne a tsakiyar ruwa yana kallon mutum, irin gurbin nan mai juyawa da masu fito suke kauce wa suna addu'a. In na kai wa Baba wannan, ba shaidar lafiya na kai ba.

Na ce wa Sale ya ɗauki buroshi ya gyara yanzu. Ya ce ba a ɗaki ake yi ba. Sai an koma wurin, a sa'ar nan, da rana a fili, in ba haka ba gyaran zai fito kamar faci. Wannan na gane shi, domin na san yadda faci yake a jikin shadda. Jirgina kuwa ranar Alhamis da yamma ne.

Jiran rana

Litinin muka je, hadari. Talata muka je, yayyafi. Muka tsaya ƙarƙashin wata bishiya da hoton a lulluɓe, muka dawo. Ni ne nake tashin Sale tun kafin lokacin salla, ni ne nake ɗaukar katakon mai ƙafa uku a kafaɗa cikin jirgi, ni ne nake leƙa taga ina duba sama. Ni da aka haifa a gidan da ake roƙon ruwa, sai ga ni ina roƙon Allah ya ɗauke shi.

Malam Isuhu ya same ni a bakin ƙofa da katakon ya ce, "Alaji, an aiko ka ka raba yaro da kogi, ga shi kai ne kake kai shi. In ce a aiko da kwalba ta biyu?"

Na gyara katakon a kafaɗa na wuce, domin a gidansa nake.

Laraba rana ta fito, amma sai da lokacin ya wuce. Na ce rana rana ce, a yi aiki. Sale ya ce wannan ta hantsi ce, hotonsa na sassafe ne. Na ce masa ya san abin da ke kansa kuwa, in ba shaida gobe jirgi ɗaya za mu hau. Ya ce ya sani, amma gara ya bi ni da ya kai wa Baba ƙarya. Muka kwashe kaya muka koma. Taurin kan na gidanmu ne.

Alhamis

Muka isa bakin kogi gari bai gama wayewa ba, sama tas. Akwai iska, saboda haka na durƙusa na riƙe ƙafafun katakon. Rana ta taɓa duwatsun tsallake, Sale ya sa wata 'yar wuƙa ya kankare idon, ya fara dangwalawa. A wannan karon ruwan na kalla. Da ja a cikinsa kuwa, yana zuwa yana ɓacewa, ga ruwan ɗorawa yana bin bayansa. Shekaruna duka a bakin kogi, da an tambaye ni launin ruwa cewa zan yi ruwa ruwa ne.

Wani Bature mai yawo da kare ya tsaya a bayanmu yana ta tambaya. Na ji shi sarai, amma hasken ya fara hawa duwatsun, ban ga dalilin juyawa ba. Ya gaji ya tafi. Mai yiwuwa shi ma ya kai labari garinsu.

Sale ya ajiye buroshi. Na tashi na ja baya na duba. Kogi ne da safe, ba ido, ba faci.

Komawa

Da yake fentin ɗanye ne, Sale ya rufe fuskar hoton da wani siririn katako, ya sa 'yan toshe a kusurwoyi don kada su haɗu. A cinyata ya zauna daga New York har Ingila, daga Ingila har Kano. Ma'aikaciyar jirgi ta nemi ta ajiye mini shi, na ce na gode. Na kwana Fagge, na sami mota da asuba, muka kwana a hanya, na shiga Yelwa bayan la'asar washegari.

Yelwa

Baba yana zaure. Ya ga na shigo ni kaɗai, bai tambayi hanya ba, ya ce ina shaida. Na cire katakon na ajiye hoton a gabansa, na roƙe shi kada ya taɓa. Ya sunkuya har gemunsa ya kusa shafar fentin. Ya daɗe, sannan ya ɗago ya ce da Inna, wadda take bayan ƙofa, abin ya tabbata, a nemo mai magani, a kuma buga waya yaron ya dawo.

Ɗa ba ya ce wa ubansa ja da baya. Zauren namu kuma ƙarami ne, ko ya ja ba inda za shi. Saboda haka na ɗauki hoton na riƙe a ƙirjina, na fara tafiya da baya. Na fita ƙofar zaure, na ƙetare lungu, mutane suna kallona, har bayana ya kusa taɓa katangar maƙwabcinmu.

Baba ya ce, "Tsaya nan."

Na tsaya. Ya sa hannu a goshi ya yi ta kallo, har hannuwana suka gaji. Sannan ya tambaya ko yaron da kansa ya yi, na ce a gabana. Ya tambaya ko da safe ne, na ce da safe ne.

Ya ce, "Na gani. Wanga ruwan safe ne, iska ba ta daɗe da tashi ba. Wanda ruwa ya kira bai san safe da marece ba. A bar shi ya gama karatunai."

Inna ta yi hamdala daga ciki. Da na ƙara da cewa kogin yana zuwa yana dawowa a yini ɗaya, Baba ya ce in tsaya a kan shaida, kada in ɓata ta da ƙarya.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Malam Isuhu da maiɗakinsa, duk da bakinsa.

Yanzu an rataye hoton a bangon zaure yana fuskantar ƙofa. Tunda daga ciki ba ya ganuwa, Baba ya sa an mayar da buzunsa dakalin maƙwabcinmu a tsallaken lungu, can yake zama bayan sallar asuba har rana ta yi zafi. Saboda haka ina roƙon mai karatu, in Allah ya kawo ka Yelwa ka zo gaida Baba da safe, kada ka tsaya a ƙofar zaure kana ta sallama, ba kowa a ciki. Ka ratse gefe, ka ƙetaro lungu ka zauna kusa da shi, in bai amsa gaisuwarka nan da nan ba ka yi haƙuri ka jira.